Kafar da Ba a Toshe Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ku lafiya, ke da Takwara, da gwiwar nan taki mai taurin kai. Ni lafiyata ƙalau, har na fara ƙiba, amma ta zama wuri ɗaya ce, ba ta jin daɗi ba.

Na san kina cewa Auta ta samu wuri ta manta da mutane, ko kira ba ta yi. Yaya, gidan nan waya ba ta kamawa sai an taka har bakin babban titi, ni kuwa ko bakin ƙofa ba na zuwa. Tsohuwar da nake jinya hankalinta ya fara barin ta. Da ta ga ƙofa a buɗe sai ta saɓa mayafi ta fice, wai za ta taro mijinta, mutumin da ya rasu tun ba a haife ni ba. Shi ya sa ɗanta ya ce a riƙa kullewa, ya rataya mini makullin a wuya da igiya. Ni ce mai makulli, ni ce kuma a kulle. Shi yana zuwa jefi-jefi, ya leƙa ta, ya duba agogo, ya tafi. Direban da ke kawo mana cefane, wanda masu gadi ke kira Sai-Gobe, ya ce yana bi ta layinku, zai riƙa ajiye miki takardata a shagon guga ya karɓo taki. Sunansa bai kwantar mini da hankali ba, amma shi na samu.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Tsohuwa ba ta da haƙori ko ɗaya. Na roban da aka yi mata suna nan cikin kofi a gefen gado suna hutawa, don ta ce cizonta suke yi. Komai sai na dame mata, ayaba, dankali, har shinkafa sai ta koma kamar ruwa. Ina ba ta a cokali gabana yana faɗuwa.

Rediyonta ba ya mutuwa, shi ne abokin hirarmu. A nan na ji cewa gwamnati ta ɗauki nauyin rigakafin haƙori ga matasa 'yan makaranta, kyauta, a kowane ƙaramin asibitin haƙori. Likitar da suka yi hira da ita ta ce ana dubawa, a wanke, sannan a toshe kafar da ke haƙoran yaro tun kafin ta jawo masa matsala. Sharaɗin ɗaya ne, haƙorin ya kasance da lafiyarsa. In ya riga ya lalace, ya fita daga rigakafi ya koma magani, shi kuma babu ruwan gwamnati da shi.

Don Allah Yaya, ki kai mini Takwara a toshe mata tata. Yarinyar nan ba sunan Inna kaɗai ta ci ba, har bakinta ta ɗauko, abin da ke hana ni sukuni ke nan. Ga ta da alewa kamar tururuwa. Ki gaishe ta, ki ce ta dage da karatu.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso tana warin albasa, da alama a cikin buhu ta yi tafiya. Gwiwa tana nan, ita da matakalar gidan nan har yau ba su shirya ba. Takwara lafiya lau, tana ta shirin jarrabawa, ta ƙara tsawo har ta fi ni, abin da ba shi da wuya.

Kin ce a kulle kike. To ni a buɗe nake? Daga safe zuwa yamma ina tsaye tsakanin tebur da bango a ƙarƙashin matakala, tururi yana dukan fuskata, zannuwan otal sun taru har sun rufe taga. Mai shagon ya ce ranar da na rufe ko rabin yini, akwai masu jiran dutsen gugar nan a waje. Ban faɗa don ki ji tausayina ba, na faɗa ne don ki san kowa da irin nasa ɗakin.

Maganar toshewa kuwa, sai da na cire tabarau na goge na sake karantawa, na ce ko idona ne. Ashe abin da kika rubuta ke nan. Auta, ba da ni ba. Abin da Allah ya halitta a buɗe gwamnati ba ta isa ta toshe shi ba, ko kyauta ne, ko da tukwici za ta haɗa mini. Inna ba ta bar mana gida ba, ba ta bar mana gona ba, wannan bakin shi ne kaɗai gadonmu, kuma a kan yarinyar nan ya sauka. Ke kika haifa, na sani, amma a hannuna kika bar ta, kuma ba da ƙafata za a je a yi wannan aika-aika ba.

Na karanta wa Takwara wurin. Sai ta ce, “Iya, in kin ƙi, yaya za a yi ke nan?” Na ce sai uwarki ta zo ta kai ki da kanta. Ta koma kan littafinta.

Ki rage sauraron rediyon nan, yana cika miki kai. Ki gaishe da Tsohuwa in ta san gaisuwa.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Ina lafiya, Tsohuwa ma da sauƙi. Allah ya ƙara wa gwiwa sauƙi.

Ban taɓa zaton za ki kira wannan abu gado ba. Ni na zauna da Inna a ƙarshen rayuwarta, lokacin kina gidan mijinki. Ni nake jiƙa mata burodi a shayi har ya narke kafin ta iya haɗiyewa. Kin manta yadda take jan gefen mayafi ta rufe baki in baƙi sun shigo? Kin manta ta daina dariya a gaban mutane, matar da ake jiyo dariyarta daga bakin layi? Wannan kike so Takwara ta gada? An ce ga hanya kyauta, ke kin tsaya kina kawo Allah, kamar Allah ya hana neman tsari.

Kuma kika ce in zo in kai ta da kaina. Kin san inda yake mini ciwo, nan kika danna. Na tari ɗan Tsohuwa da maganar hutu, ya ce sai ya samo wadda za ta riƙe ta. Wadda aka taɓa kawowa, Tsohuwa ta jefe ta da kofi, da haƙoran da ruwan gaba ɗaya, matar ko jakarta ba ta kwance ba ta juya. Tun daga nan duk wadda aka yi wa magana sai ta ce tana da uzuri. In na tafi ba da izininsa ba, na tafi ke nan, kuɗin makarantar Takwara kuma daga gidan nan yake fitowa.

Ina tsaye a taga ina ganin 'yan makaranta suna wucewa can nesa a kan titi, duk mai tsawo sai in ce ita ce. Ban roƙe ki abin duniya ba, Yaya. Safiya ɗaya na roƙa. In shagon ne matsala, ki faɗa mini shagon ne, kada ki fake da Inna. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba.

Auta

*

Auta,

Na gaishe ki, tunda gaisuwa ba ta faɗa ba ce. Muna lafiya.

Wato ni ce na fake da Inna. To bari in tambaye ki. Wushirya ce ta zubar wa Inna da haƙora? Tsufa ne da sukari, kowa ya sani. Har ta koma ga Allah na gaban nan biyu suna nan da kafarsu a tsakani, su ne suka yi saura. Ke kina ƙarama ba za ki tuna ba, amma ta wushiryar nan take yi mana fito in mun yi nisa da wasa, kowace uwa a layi tana ƙwala kira, tamu fito take yi. Ni ban samu ba, ke ba ki samu ba, haƙoranmu a cunkushe kamar fasinjan motar haya. Ranar da Takwara ta yi famfara sababbin suka fito da kafar nan a tsakiya, ke da kanki kika ɗauko ta kika kawo mini ita a guje, muka zauna muna kuka kamar an yi mana rasuwa. Yau kuma ke ce kike cewa a kai ta a toshe.

Na san abin da ya faru. Kin zauna cikin masu hali, kin ga haƙoran jikokinsu a jere kamar an ja layi, sai namu suka fara ba ki kunya. In yarinyar nan ta yi dariya a shago, ajiye dutsen guga nake yi in kalle ta. Abin da ya rage mini na uwata ke nan, ke kuma kina so a cike shi da siminti don gwamnati ta ce kyauta ne.

Ba zan ƙara magana a kan wannan ba. Takwara tana nan, jarrabawa ta matso, ta rame kaɗan. Kwanan nan duk ɗakin warin kanumfari yake yi, ta ce tana taunawa ne don kada barci ya ɗauke ta a kan littafi. Ta daina shan ruwan sanyi, wai yana sa ta ciwon kai. Kullum ta dawo makaranta sai ta tambaye ni ko Sai-Gobe ya zo, ko kin ce yaushe za ki shigo.

Yayarki, ko kina so ko ba kya so

*

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Lafiyata lau, ki yafe mini gajeruwar gaisuwa, direba yana tsaye a ƙofa na hana shi tafiya sai na gama.

Sai-Gobe ya cika sunansa. Motarsa ta lalace ta daɗe a gareji, takardarki tana kwance a aljihun motar, wani ne yake kawo mana cefane, shi kuma bai san layinku ba. Ni ina nan na ɗauka kin yi fushi kin yanke ni. Yau Sai-Gobe ya miƙo mini ita duk ta sha baƙin mai, yana ta ba da haƙuri. Na lissafa, har jarrabawar su Takwara ta wuce.

Na karanta, na yi dariya har Tsohuwa ta taya ni ba ta san dalili ba. Daga nan sai kuka. Wushirya, Yaya? Wushirya kika ɗauka? Wallahi wanda ya taɓa wushiryar yarinyar nan sai inda ƙarfina ya ƙare. Turame nake nufi, haƙoran ciki na tauna. A samansu akwai 'yan kafofi kamar tsaga, nan abinci yake maƙalewa, buroshi ba ya kaiwa, daga nan tsutsa take farawa. Wani abu fari suke shafawa kamar fenti, ya bushe ya rufe wurin, ko allura ba a yi. Laifin bakina ne, na ce kafa, ban ce wacce ba. Da na ce ta ɗauko bakin Inna, raunin haƙoran nake nufi. Ke kina kare dariyar Inna, ni ina gudun ƙarshen Inna, muka yi ta dambe a duhu.

Amma Yaya, ƙarshen takardarki ne ya tsinka mini zuciya. Kanumfari ba maganin barci ba ne. Wanda ya guji ruwan sanyi ba kansa ne ke ciwo ba. Ki zaunar da ita, ki sa ta buɗe baki, ki haska da fitilar wayarki har ciki. Kuma ko me kika gani, ki kai ta da safe. Ki roƙi mai shagon, ki durƙusa masa da gwiwar taki mai ciwo in ta kama. Na haɗa ki da Allah.

Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna nan da rai da lafiya, alhamdu lillahi. Ki zauna kafin ki karanta.

Da na karanta taki, kunya ta kama ni har na ƙona wuyan rigar wani. Tsofai-tsofai da ni, da tabarau a hanci. Na haska bakin Takwara kamar yadda kika ce, da ƙyar ta yarda ta buɗe. A turmin ƙasa na hagu akwai rami baƙi, dasashin wurin ya kumbura ya yi ja. Washegari na ja ƙofar shago na rufe, na ce wa mai shi in zai kore ni ya kora. Bai kora ba, ya dai sha mur har yau.

Asibitin ɗaki biyu ne a bayan ofishin wasiƙu. Benci a jere, yara cikin kayan makaranta da iyayensu, ana kira ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya fito yana lasar haƙori yana dariya. A bango akwai babban hoto, turmi ne ƙato an shafa masa farin abin nan a kai, ko makaho ya shafa ya gane. Na tsaya a gabansa kamar wadda aka dasa.

Likitar yarinya ce, ba za ta girmi Takwara da yawa ba, mai sanyin hannu. Da Takwara ta buɗe baki sai ta ce, “Kai, wannan wushirya haka!” Ban san inda zan sa fuskata ba. Ta wanke, ta shafa wa sauran turamen maganin, kyauta kamar yadda kika ji. Da ta zo kan na hagun sai ta daɗe tana dubawa, ta ɗauki hoto, ta kira ni gefe. Ta ce, “Mama, da kun zo farkon zangon karatu, da wannan ma ƙaramin aiki ne. Yanzu ramin ya kai jijiya.” Na ce to a yi masa na gwamnatin. Ta ce na gwamnati na haƙori mai lafiya ne, wannan ya wuce nan. Ko a je babban asibiti a yi aikin jijiya, ko a cire. Ta faɗi abin da aikin jijiyar zai ci, na ji kamar ta ambaci kuɗin mota. Na kalli Takwara, kumatu a kumbure, ta ce, “Iya, a cire kawai, na gaji.” Aka cire. Kada ki tambaye ni yadda na biya, na biya. Na riƙe hannunta, ba ta yi kuka ba, ni ce na yi.

Da muka fito muka zauna a bencin jiran mota, auduga cike da bakinta. Abin yana cina, na kasa haƙuri. Na ce, “Ke Takwara, hoton nan na bango, kin taɓa ganinsa?” Ta gyaɗa kai. Da audugar a baki ta ce akwai irinsa a ƙofar ajinsu tun farkon shekara, har likitoci sun zo sun yi musu bayani. Na ce, “Wato ranar da na karanta miki takardar uwarki, kin san ba wushirya take nufi ba?” Ta sake gyaɗa kai. Na ce, “To don me kika yi gum kika bar mu muna yaga juna? Don me kika ɓoye ciwon?”

Ta juyo ta kalle ni. Sannan ta cire audugar ta ce, “Ke kika ce in kin ƙi, sai ta zo ta kai ni da kanta. Na ɗauka in kika dage, za ta zo. Da ya fara ciwo kuma na ce in ya yi tsanani dole a bar ta ta zo.”

Na mayar mata da audugar, don jini ya fara zuba. Motar ta zo muka shiga. Ban yi mata faɗa ba, ban san ta inda zan fara ba. Abin da ta ce ke nan, na rubuta miki shi yadda ya fito.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama. Ina lafiya. Na gode, Allah ya saka miki, ya ba ki ladan hannun da kika riƙe.

Na karanta a tsaye a kicin. Ban san lokacin da na shiga ɗaki na zuba kayana a jaka ba. Tsohuwa ta biyo ni, ta ga jakar, ta zauna a kanta. Matar da ba ta san sunana ba, wadda kullum sai na sake gaya mata ko ni wace ce, ta kama gefen zanena da hannu biyu ta ce, “Ke ma tafiya za ki yi?” Haka muka zauna har shinkafar da na ɗora a wuta ta kama.

Da ɗanta ya zo na gaya masa komai, har da maganar bencin jiran mota. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba, har ya ce Allah sarki. Ya ce yana kan nema, in ƙara haƙuri. Ya ce in na matsu ƙofa a buɗe take, amma ba zai iya riƙe mini wurin ba. Yaya, saura wa Takwara shekarar ƙarshe a makaranta. Na kwance jakar.

Na fara rubuta mata tata takardar daban, na yaga, na sake, na yaga. Duk abin da na rubuta sai ya fito kamar alkawari, ita kuma yarinyar nan na ga abin da take yi da alkawari. Ki ce mata ban yi fushi ba. Ki ce mata ba zan samu zuwa ba. A'a, wannan kada ki faɗa mata, ta riga ta sani.

Ki ce ta riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, kada ta riƙa kai harshe wurin. Ta riƙa tauna ta ɓangaren dama har ya warke.

Ƙanwarki,
Auta